Abin da kwalin takardun neman aiki ya koya mini a Marwa

Tun da aka buɗe Jami'ar Marwa da ke arewacin Kamaru a 2008 masu digiri suka yawaita a lardinmu, guraben aiki kuwa suna nan yadda suke. A ƙungiyar agajin da nake wa aiki, in muka liƙa sanarwar neman mutum biyu masu shiga ƙauyuka, kafin ranar rufewa kwali ya cika da ambulan. Ni da wata abokiyar aikina ke tacewa. Ba mai zaman karanta maka shafi huɗu. A shafin farko ake yanke hukunci.

Yawancin CV ɗin, wato takardar tarihin karatu da ayyukan mutum, kamar uwa ɗaya ta haife su, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro ya je shagon buga takardu, mai kwamfuta ya buɗe ta wanda ya zo jiya, ya goge suna ya sa nasa. Shi ya sa kowa "mai kuzari ne, mai iya aiki da jama'a". Na taɓa riƙe ta wata budurwa da aka mance aka bar mata "magidanci, mai 'ya'ya uku".

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da yaranmu ke ɓoyewa. An tashe mu a kan yabon kai jahilci ne, sai kunyar nan ta biyo mu har kan takarda. Ɗan yayata ya kawo mini tasa in duba. Ya jero shaidun karatunsa na firamare da sakandare, CEP, BEPC, Probatoire, Bac, har digirinsa, wajen ayyukan da ya taɓa yi kuma ya bar fili. Alhali tun yana sakandare shi ke riƙe da littafin rumbun albasar mahaifinsa. Shi ke ƙirga buhunan da ake lodawa zuwa Yawunde da Duwala, shi ke sallamar 'yan dako, shi ke bin bashi ta Orange Money.

Na ce, "Wannan fa, ina ka kai shi?"

Ya ce, "Haba Kawu, ai wannan ba aiki ba ne, taya Baba nake yi."

To, mai neman ma'ajin kaya abin da yake lalube ke nan. Muka zauna ya rubuta shekarun, da yawan buhun da ke bi ta hannunsa a kaka, da 'yan dako nawa yake kula da su. Babu yabon kai a ciki, lissafi ne da kowa zai iya zuwa kasuwa ya tabbatar.

Haka batun harsuna. Za ka ga an rubuta Faransanci da Turanci kawai, Turancin ma na gaisuwa ne, an bar Hausa da Fulatanci da Barbarci da Larabcin Shuwa wai ba na ofis ba ne. Sansanin Minawawo da ke kusa da Mokolo tun 2013 yake karɓar 'yan gudun hijira daga Najeriya, akasarinsu mutanen Borno. Wanda zai zauna da tsohuwa ya ji kukanta ba tare da tafinta ba ya fi mana mai dogon Faransanci amfani. Wanda kuma ya rubuta ya ƙware a Turanci, ya kwana da sanin ana iya juya hirar zuwa Turancin ba sallama.

Kada a haɗa da jarrabawar shiga aikin gwamnati. Can takardu ne ke magana: kwafin shaidu mai hatimi, da takardar kotu ta rashin laifi wadda ba ta wuce wata uku ba. Ƙungiyoyi da kamfanoni kuwa abin da hannunka ya taɓa suke tambaya, na baya-bayan nan a sama. Wanda bai san ta inda zai fara ba ya leƙa ofishin FNE, hukumar samar da aikin yi da aka kafa a 1990, suna koyar da tsarin rubuta CV.

Sai lambar waya. A sa wadda ke shiga, kuma wadda ke aljihunka. Akwai wanda ya yi mana, muka kira, wani ya ɗauka ya ce layin nasa ne, abokin nasa ya tafi Kuseri sai jibi. Muka kira na bayansa.