Godiya ga Zumuntar Maza da duk wanda ya tsaya mini

Salama a gare ku 'yan'uwa.

Ranar Lahadin da ta wuce na shiga majami'a da ƙafata, karo na farko cikin makonni 14. An ba ni dama in ba da shaida, amma da na miƙe a gaban jama'a sai murya ta ƙi fita, na ce na gode sau uku na koma na zauna. Abin da na kasa faɗa a wurin shi ne nake rubutawa a nan.

Ga waɗanda ba su ji ba, a tsakiyar damina ina haɗa ƙafafun tankin ruwa a wani gida a Barnawa, nan Kaduna, ƙarfen ya jiƙe, santsi ya kwashe ni na faɗo, ƙashin cinyata ta dama ya karye. An yi mini aiki, an sa ƙarfe, an ƙara mini jini leda biyu.

Bayan Ubangiji, wanda zan fara yi wa godiya mutum ne da ban san sunansa ba. Mai keke ne, Musulmi, ya ce a Tudun Wada yake zaune. Ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke ni zuwa asibiti, bai tafi ba sai da maman yara ta iso, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Duk wanda ya ga rikicin 2000 da na 2002, ya ga yadda muka koma zama kowa a nasa gefen kogin Kaduna, zai gane abin da ya sa nake hawaye idan na tuna da shi.

Sai ku, Zumuntar Maza. Mu maza ba mu saba buɗe ciki ba. In mun tsaya bayan sujada, hirarmu ba ta wuce kuɗin makaranta, tsadar siminti da ƙwallo. Ban taɓa zaton mutanen da nake wannan hira da su za su raba kwanakin mako a tsakaninsu saboda ni ba. Biyu daga cikinku suka ba da jinin nan. Wani ya riƙa cicciɓa ta zuwa banɗaki, ni da nake da 'ya'ya huɗu, bai taɓa bari na ji kunya ba. Baba dattijo kuwa, wanda bai sake samun aikin albashi ba tun da aka rufe masaƙun Kakuri, kowace Talata sai ya zo gidana a Narayi da reza a aljihu ya yi mini aski.

Shi ne wata rana, bayan ya gama askin, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, Farawa sura 28, ya karanta mini labarin Yakubu da ya kwana a jeji da dutse a ƙarƙashin kansa, ya farka ya ce ashe Ubangiji yana wurin, shi ne bai sani ba. Baba bai yi wa'azi ba. Ya rufe littafin ya ce, “Ɗana, ka dubi barandar nan da kyau.”

Na duba kuwa. Shekara 20 ina walda, addu'ar safe a tsaye nake yin ta da makullin shago a hannu, kuma a zuciyata Allah yana can a manyan tarukan farkawa. A barandar nan na fara jin ƙarar tukunyar maman yara tun kafin gari ya waye, na ga yadda ƙaramar 'yata take ajiye mini ruwa kusa da hannu kafin ta tafi makaranta, ba wanda ya sa ta. Duk wannan ana yin sa a gidana tun da daɗewa, ni ne nake ficewa ban gani ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne hoton ƙashi na mako na shida. Likita ya nuna mini wani fari-fari kamar hayaƙi a kewayen karayar, ya ce sabon ƙashi ne ke tsirowa. Ƙarfen riƙewa kawai yake yi, jiki ne ke haɗa kansa. Ni na san abin da haɗa abu biyu yake ci: wuta, zafi, da ido a kan aiki. Ga shi an haɗa nawa a cikin duhu, ba wuta ba ƙara, ina barci. A gaban likitan na sunkuyar da kai na yi godiya.

Fasto, na gode da Jibin Ubangiji da ka kawo mini har gado. Iyayenmu na Zumuntar Mata, kwanukanku suna nan a wanke, za mu mayar. Yaran shagona, kun riƙe amana, ba ku bar ƙofa a rufe ko rana ɗaya ba. Maman yara, taki godiyar ba ta nan ba ce, Ubangiji ya sāka miki.

Ranar Litinin zan koma shago, aikin zaune kawai, don likita ya hana ni hawa sama tukuna. In akwai wanda ya ji wani mai keke na ba da labarin mai walda da ya ɗauka a Barnawa cikin ruwan sama, don Allah ya haɗa ni da shi, ina so in je har gida in gaishe shi.