Kwana biyu a kan Mongo ma Ndemi

Shekara shida ina kasuwanci a Duwala, duk ranar da gari ya washe ina hango dutsen nan daga nesa, ban taɓa tunanin yana da wani suna ban da Dutsen Kamaru ba. Sai da na je Buea, garin da ke gindin dutsen, a watan Janairu da niyyar hawansa, mai yi mana jagora, ɗan ƙabilar Bakweri, ya ce min: “Alhaji, kakannina ba su san shi da wannan suna ba.” Su Mongo ma Ndemi suke ce masa, wato dutsen girma, ƙololuwarsa kuma Fako.

Shi sunan Kamaru daga 'yan Fotugal ya samo asali. A 1472 suka iso bakin kogin Wouri, suka tarar da jatan lande jingim, suka raɗa masa Rio dos Camarões, kogin jatan lande. Sunan ya bi ƙasar, daga nan ya haye kan dutsen. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai: dutse mai tsayin mita 4,040, masu shi na zaune a gindinsa, amma duniya na kiransa da sunan da baƙi suka sa wa kogi.

Da sassafe muka kama hanya. Muka ratsa gonaki, muka shiga kurmi mai laima, can sai itatuwa suka ƙare kamar an yanke da wuƙa, ciyawa kawai da baƙaƙen duwatsu masu kaifi. Dutse ne mai aman wuta, ya yi a 1999, ya sake a 2000.

A nan na gane kurena. Na biye wa zafin Duwala na taho da riga mara kauri, ruwa kuma gora biyu kacal. Ashe can sama ƙasar tsotse ruwa take yi, ba rafi ba ƙorama. Da taimama na yi sallolina. A na biyu cikin masaukan da ke kan hanyar hawan muka kwana, sanyi ya hana ni runtsawa, haƙora na ta kaɗawa, har jagoran ya tashi ya lulluɓa min bargonsa. Washegari da na fara sauri kaina ya ɗau sarawa, ya riƙo hannuna ya ce in rage taku, in riƙa numfashi a hankali. Da haka na kai Fako, iska na neman ture ni, gajimare duk a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Muna saukowa ya ba ni labarin Efasa Moto, wanda Bakweri ke cewa shi ke tsaron dutsen, rabinsa mutum rabinsa dutse. Ya yarda ka sha raken da ka samu a wurin, amma kada ka sauko da shi. Ba aƙidata ba ce, sai dai na ji nauyin mutumin da ya ba ni bargonsa. Ɗan baƙin dutsen da na tsinta don tsarabar yara, na ciro shi daga aljihu na ajiye a bakin hanya.