Abin da noman ciyawar teku a Sulu ya koya mini

Mutanen Tausug na tsibiran Sulu, a kudancin Filifin, ba sa jingina gida ga sana'a ɗaya. Ana kamun kifi, ana noman rogo, ana busar da kwakwa a sayar, a tudun Jolo kuma ga gahawa da 'ya'yan itatuwa. Amma a garuruwan bakin ruwa irin su Siasi, inda gidaje ke tsaye kan turaku cikin teku, kuɗin hannun gidaje da yawa daga agal-agal yake fitowa. Ciyawar teku ce da masana'antu ke cire sinadarin karajinan daga jikinta don kaurara askirim da man goge baki.

A ido aikin ba wuya. Ana yanka iri mai nauyin giram 50 zuwa 100, a ɗaure shi da zaren leda a jikin igiyar nailan, a bar 'yar tazara tsakanin ɗauri da ɗauri. Mata da yara suka fi yin ɗaurin, a inuwa, suna yayyafa wa irin ruwan teku kada ya yi yaushi. Sai a miƙe igiyar a teku, a ɗaɗɗaura mata robobin ruwa don ta yi iyo. Bayan kamar kwana 45 a girbe.

Abu na farko da na gane shi ne wuri ya fi iri muhimmanci. Ciyawar tana son ruwa mai cikakken gishiri da ke gudana. Wanda ya kafa igiyarsa kusa da bakin rafi ya jira asara, don ruwan sama mai yawa yana tsinka gishirin. Haka in zafi ya tsananta ko ruwa ya kwanta. Daga nan cutar da ake kira ayis-ayis ke shiga: reshe ya yi fari, ya yi laushi, ya karye, igiyar ruwa ta tafi da shi. Ba feshin da za a yi. Sai a yanke inda ya kamu, a nitsar da igiyar ƙasa kaɗan ko a matsar da ita. Kullum kuma a karkaɗe laka daga rassan, ga kifaye da kunkurun teku masu yi mata ɓarna.

Amma a wurin shanya ake cin riba ko a faɗi. Kilo 7 zuwa 10 na ɗanya ne ke ba da kilo 1 na busasshiya. A kan dandamalin gora ake bazawa, ba a ƙasa ba, kwana uku ko fiye in akwai rana. Yashi ya shiga, ko ruwan sama ya taɓa ta, farashi ya faɗi. Mai saye yana damƙa ya matsa a tafin hannu. In ya ji danshi sai ya zaftare kuɗi, tunda a biranen Zamboanga da Cebu, inda yake kai ta ya sayar, shi ma haka za a yi masa.

Mafi yawan girbin da aka yi kafin lokaci, bashi ne ya jawo shi. Mai saye ya ba da igiya da iri da fetur, don haka shi kaɗai za a sayar wa, a farashinsa. In an matsa wa manomi sai ya ciro ciyawar tun tana wata guda, sinadarin bai cika ba, nauyin ma bai kai ba.

A nan rogo ke shigowa. Ana gurza shi, a matse ruwan sosai don ɗacin da ke cutarwa ya fita, a turara ya zama piyutu, a ci da gasasshen kifi. Gidan da ke da rogo da kwale-kwale ba ya buƙatar sayen shinkafa kullum, saboda haka yana iya barin ciyawarsa ta nuna, ya kuma ware rassa masu ƙwari a matsayin irin zagaye na gaba maimakon ya sake karɓa bashi.