Golf ɗina da man birki

Wata uku ina zarya garejin wani bakanike a Ƙofar Ƙaura da tsohuwar Golf 3 ɗina, wai zan shiga tseren 'yan sha'awa. Muka cire kujerun baya da kafet da safaya, mota ta yi sakayau. Hankalina duk yana kan inji.

Ranar gwaji a wani fili bayan gari, zagaye na biyar na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa. Sai salati! Ashe tsohon man birkin ya sha danshi, da ya ji zafi ya tafasa.

Oga ya harare ni: "Alhaji, ban ce a zuba sabon man birki samfurin DOT 4 ba?" Ya faɗa kam, rowa ce ta hana ni. Jiya muka zubar da tsohon, muka yi bilidin ƙafa huɗun, wato muka fitar da iskar da ke cikin bututun birkinsu.