Minti goma da na ba Hajiya

Makon jiya na ajiye aikin sakataren kwamitin shirya taron marubuta a nan Katsina, bayan shekara uku. Waɗanda muka yi aikin tare sun san wahalar neman zaure da kuɗin masaukin baƙi, ba sai na maimaita ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai.

Tun da na je KABAFEST, bikin littattafai da fasaha na Kaduna, wanda aka fara a 2017, nake burin mu yi irinsa a gida, a zaunar da marubuci a yi ta hira da shi kan littafinsa. Bara muka gayyato baƙi biyu masu rubutu da Turanci, daga Legas da Abuja. Da na kai wa shugaba jadawali, sai ya ja biro ya mayar da zaman marubutan Hausa can ƙarshe, wai baƙin ne za su jawo 'yan jarida. Na san ba daidai ba ne. A garin da Abubakar Imam yake koyarwa lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja a 1933! Amma na ce, "To, ranka ya daɗe."

Jawaban manya suka cinye safiya, komai ya ja baya. Akwai wata Hajiya da ta taso daga Funtuwa tun da asuba da littattafanta cikin jaka, tana rubutu tun zamanin da mata ke karɓar hayar littafi a shago. Sa'ad da aka zo kanta saura minti goma a kira magariba, kuma ni da hannuna na miƙa mata 'yar takarda cewa ta taƙaita. Ta karanta shafi ɗaya, ta rufe. A bakin ƙofa na ba ta haƙuri, ta ce, "Ba komai, ɗana, Allah ya yi albarka."

Da dare wurin cin abinci baƙuwar Legas ta tambaya ina marubuta mata na Hausa. Ta ce ta fara sanin adabinmu ne ta fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka buga a Indiya a 2012, kuma don ta gana da irinsu ta yarda ta zo. Lokacin Hajiya ta daɗe da kama hanya. Shugaba ya juyo a gaban kowa ya ce, "Wa ya tsara jadawalin nan?" Na yi shiru, har yau kuma shirun yana cina.

Ga wanda zai gaje ni: duk gyaran da aka yi maka, ka nemi a rubuce. Ka biya kuɗin motar na nesa kafin a tashi. Kada jawabin buɗewa ya wuce biyu.

Bana na kira Hajiya sau biyu, na ce ita za ta buɗe taro da safe. Ta yi godiya, ta ce ƙafa ta matsa mata, ba ta iya doguwar tafiya yanzu.