Wasiƙar Almagili ga Rumfa: abin da ake tsoro shi ne ƙofar fada

Wajen shekarar 1492 Muhammadu bn Abdulkarim Almagili, malami mutumin Tilimsan ta Aljeriyar yau, ya sauka Kano bayan rigimarsa da Yahudawan Tuwat da ke cikin Sahara. Sarkin da ya tarar, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya riga ya yi nisa da sarauta. Wannan sarkin ne Almagili ya rubuta wa ɗan ƙaramin littafin nan Tajud Dini, mai babi takwas, daga gyaran niyya har zuwa yadda ake tara dukiyar baitulmali da yadda ake kashe ta.

Jumla ɗaya ce yake ta maimaitawa: tushen kowace masifa shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa. Da wannan ma'auni ya kamata a karanta sauran. Ya ce sarki ya zauna kullum a inda mata da yara za su iya kai masa kuka da bakinsu, domin alƙalai da hakimai kaɗai ba su isa ba, sau da yawa ma su ake ƙara. Talaka in sai ta hannun dogari zai ga sarki, to dogarin ya zama sarkinsa.

Babin bincike ya fi kowanne amfani a aikace. A ƙidaya dukiyar mutum kafin a naɗa shi, a riƙa bibiyarsa, abin da ya ƙaru ba bisa hanya ba a karɓe. Dalilin a fili yake: in ba a san abin da hakimi ya shigo da shi ba, ba hujjar kama shi in ya yi ƙiba. Wajen kuɗin shiga kuma ya tsaya a kan abin da shari'a ta sani, irin su zakka da jiziya da humusin ganima, ya hana karɓar kuɗi don a ba mutum muƙami. Wanda ya sayi kujera, a jikin talaka zai fanshe.

Abin ban sha'awa, Rumfan nan shi Tarihin Kano ya jingina wa kakaki da figini da kulle da naɗa bābānni a manyan muƙamai, ga Tara ta Kano, wato majalisar manyan masu sarauta tara, ga sabon gidan sarauta. Galibinsu abubuwa ne da ke ƙara wa sarki kwarjini, suna kuma ƙara tazara tsakaninsa da mai ƙara. A ganina malamin ya ga inda aka dosa, shi ya sa bai gaji da jumlar ba.

Daga Kano ya wuce Gawo, babban birnin Songhai, ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songhai a 1493. Waɗannan amsoshi, musamman hukuncin mai haɗa Musulunci da al'adun kafirci, su Shehu Usmanu ya kafa hujja da su a kan sarakunan Hausa bayan shekara ɗari uku. Ƙanensa Abdullahi kuma ya ɗebo nasihohin da aka yi wa Rumfa ya zuba a Diya'ul Hukkami, wanda ya rubuta a cikin Kanon da kanta.