Sarƙar Hajiya Kaka

Yau Asabar, kwana tara da rasuwar Hajiya Kaka, aka buɗe adakarta. Baffa ne ya ce a yi a gama tunda Gwaggo Babba za ta koma Kaduna jibi, kada a zo rabon gado wani ya ce bai gani ba. Ni dai ba magajiya ba ce, Baba na raye, amma ni aka ba biro da takarda saboda wai rubutuna ya fi kyau.

Ana ɗaga murfin ƙanshin kafur da Bintu Sudan ya cika ɗakin, sai na ji kamar za ta leƙo ta ce "kishiya, me kike nema a kayana?" Turamen atamfa shida da ba a taɓa ɗinkawa ba, carbi, fasfo ɗinta na aikin Hajjin 1981, da kwabbai masu huji tun na kafin a koma naira a 1973. Can ƙasa, cikin wani gwangwanin alawa, aka samu sarƙar a ƙulle cikin ƙyalle. Ta yi duhu, datti ya cike tsakanin zobbanta, ba ta da wani ƙyalli.

Nan fa ɗaki ya rabu biyu. Gwaggo Ƙarama ta ce gwal ne na Makka, a idonta Hajiya ta dawo da ita tare da haƙorin Makka. Matar Baffa ta taɓe baki ta ce ruwan gwal ne aka yi wa tagulla, in ba haka ba me zai sa ta yi baƙi. Ƙanena ya ruga ya ɓallo mayen ƙarfe daga wata tsohuwar rediyo ya kara mata, ba ta kama ba, ya hau ihu wai mun yi arziki. Gwaggo Babba ba ta ce uffan ba. Ta karɓa, ta miƙe ta a tafin hannu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in ɗauko mayafina mu je Sabon Gari.

Keke muka hau daga Kofar Doka a nan Zariya, muka ratsa Tudun Wada da PZ, cunkoso kamar kullum. Shagon da muka shiga ɗan ƙarami ne, mai shi dattijo, yana zaune bayan gilashi da ƙarafuna. Da na ba shi labarin mayen ƙarfe dariya ya yi, ya ce "'yata, ai tagulla ma ba ta kamawa, azurfa ma haka." Ya wanke sarƙar da ruwan sabulu da ɗan buroshi, sai ga launinta ya fito, rawaya mai nauyi irin ta ƙwanduwar ƙwai. Ya sa gilashin ƙara girma a ido ya duba bakin maƙullin, ya nuna mana 21 da lambobin Larabci, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya ce tsantsar gwal 24 ne, mai 21 kuwa kashi 875 cikin dubu ne gwal, sauran wasu ƙarafa ne da ake haɗawa don ya yi ƙwari, mai 18 kuma 750. Amma hatimi kowa na iya bugawa, in ji shi, dutse ne ba ya ƙarya.

Ya ɗauko wani baƙin dutse mai santsi ya goga sarƙar a kai, ta bar siririn layi rawaya. Ya ɗiga ruwan gwaji daga wata ƙaramar kwalba. Ni har numfashi na riƙe. Layin ya tsaya cak, bai gushe ba. "Hajiya, kayanki mai kyau ne," ya ce. Ya ɗora a sikeli: giram 19.4.

Har na fara murna, sai na ga yana bin sarƙar da yatsu zobe bayan zobe kamar mai jan carbi. Ya tsaya a wani wuri, ya ƙara gaba ya sake tsayawa, ya kuma tsayawa. Wuri uku. A kowanne akwai zobe ɗaya da launinsa ya ɗan fi haske, kuma da ya goga shi a dutsen ya ɗiga ruwan, layin ya dusashe. Ya ce liƙi ne. An yanke sarƙar nan sau uku ana cire wani yanki ana sake haɗa ta, kuma ba hannu ɗaya ya yi aikin ba, na tsakiyan maƙerin bai ƙware ba.

Maganar kuɗi ba ta yi min daɗi ba. Ya duba farashin giram na yau a wayarsa, don abin yana bin dala da kasuwar duniya, ya danna a kalkuleta, ya rage wani abu saboda liƙin. Na ce Alhaji, sarƙar da ta haura shekara arba'in fa, ba a ƙara komai don tsufanta? Ya ce shi nauyi yake saye, kuɗin ƙira ma ba ya dawowa, ƙarshenta narkarwa za a yi. Na ji haushin kalmar nan, ko da yake gaskiyarsa ce, sana'arsa ke nan. Mun leƙa shago na biyu don kada a ce ba mu gwada ba, nauyi ɗaya, kuɗin ya ɗan gaza na farko.

A keken dawowa, mun kusa Tudun Wada, Gwaggo ta yi magana ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce ranar da Hajiya ta dawo daga Makka sarƙar nan ninki biyu take yi mata a wuya, kuma duk da haka tana sauka har ƙirji. Yankan farko shekarar da babana ya samu shiga jami'ar ABU ne, kakanmu Malam ba shi da ko sisi a lokacin, kuma har ya rasu yana zaton adashi ta ɗauka. Na biyu na kayan ɗakin Gwaggo Ƙarama ne. Na ce na ukun fa? Ta gyara mayafi ta ce mai keke ya bi a hankali, akwai rami a gaba.

Da muka isa gida Baffa abin da ya fara tambaya shi ne ko akwai zakka a kai. Baba ya ce ina, nisabi misƙali ashirin ne, wajen giram 85, wannan ko kwata bai kai ba. Aka lissafa: maza biyu, mata biyu, kashi shida ke nan in an sayar. Matar Baffa ta yi shiru tun da ta ji 21. Gwaggo Babba ta ce a yi mata kuɗi a cikin rabonta, in bai isa ba za ta cika, ita ba za a narkar da ita tana raye ba. Baffa ya ce a bari sai malamin da zai yi rabon ya zo ranar Juma'a.

Baba bai san labarin yankan farko ba, Gwaggo kuma ta ce kada in faɗa masa. Ɗazu bayan isha'i na same shi a tsakar gida da sarƙar a hannu yana juya ta a hasken fitila, yana cewa shi dai a tunaninsa ta fi haka tsawo. A takardata na rubuta: sarƙar gwal ɗaya, 21, giram 19.4, liƙi uku. Yanzu tana cikin gwangwaninta a ɗakin Baba.